Gida ɗaya, masu haya biyu, bashi kuma na talakan gari

A ranar Alhamis 26 ga watan Satumba na shekarar 2024, mutum dubu 46 da 889 suka yi cincirindo a babban filin wasa na birnin Oakland, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, domin kallon ƙungiyar Athletics tana karawa da Texas Rangers. Ƴan gida ne suka yi nasara da ci 3 da 2, amma da yawa daga cikin ƴan kallo da hawaye suka tashi, don kuwa wannan shi ne wasan ƙarshe na ƙungiyar a filin da ta zauna tun shekarar 1968. Ma'aikatan da ke kula da ciyawa suka riƙa ɗibar ƙasar filin da shebur suna zuba wa mutane cikin kofuna da kwalabe, kowa ya tafi gida da abin tunawa. Kusan shekaru biyar kafin wannan rana, ɗaya ƙungiyar da suke zaman gida ɗaya da ita, wato Raiders, ta riga ta kwashe komatsanta ta yi gaba. Abin da aka bar wa mutanen gari shi ne tsohon gini na siminti, da tabon wani bashi wanda baitulmalinsu ya shafe fiye da shekaru 20 yana biya.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san wasannin biyu da ake magana a kansu, tun da babu ɗayansu da ya yi kama da ƙwallon ƙafa da aka saba gani. Na farko shi ne besbol, sana'ar Athletics. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 9. Mutum ɗaya ya jefo ƴar ƙaramar ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya maka mata kulki, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu waɗanda ke da tazarar mita 27 tsakanin kowace da ta gaba. Filin besbol yana da siffar mahuci: ya tsuke a wurin mai bugu, ya yi ta buɗewa har ya kai katanga, kuma hanyar da ake bi tsakanin tashoshin jar ƙasa ce da aka daddaɓe, babu ciyawa. Na biyu shi ne abin da Amurkawa ke kira futbol, sana'ar Raiders, wanda ya fi kusa da zari-ruga: ƙarti 11 a kowane ɓangare, sanye da hulunan kwano, suna rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai suna bangazar juna. Nasu filin dogo ne mai kusurwa huɗu, kimanin mita 110 a tsawo da 49 a faɗi, kuma ciyawa yake so daga farko har ƙarshe.

Lokutansu ma sun sha bamban. Ƙungiyar besbol tana yin wasanni 162 a shekara, 81 daga ciki a gida, tun daga bazara har ƙarshen watan Satumba. Ƙungiyar futbol kuwa, a wancan zamani, wasanninta na gasa a gida ba su wuce 7 ko 8 ba a shekara, daga Satumba zuwa Disamba. Wannan ne ya sa shugabannin biranen Amurka na shekarun 1960 suka yi wani lissafi da kowane ɗan kasuwa zai ce ya yi daidai: me zai sa a gina rumfa biyu, alhali ɗaya mai hayar kwana takwas kaɗai yake buƙata a shekara? Sai aka shiga gina manyan filaye masu siffar ƙwarya, waɗanda za a iya juya wasu kujerunsu gwargwadon wasan da za a yi. Washinton ta buɗe nata a 1961, Niyok ta buɗe Shea a 1964, Houston da Atlanta a 1965, Cincinnati da Pittsburgh a 1970, Filadelfiya a 1971. Kusan dukkansu da kuɗin jama'a aka yi su.

Oakland tana da nata dalili na musamman. Birni ne na tashar jiragen ruwa da masana'antu, wanda baƙaƙen fata da yawa suka ƙauro cikinsa daga kudancin ƙasar lokacin yaƙin duniya na biyu domin aiki a wuraren ƙera jirage. A tsallaken ruwa kuma ga San Faransisko, maƙwabciya mai suna da dukiya, wadda ta daɗe tana shafe ta a idon duniya. Manyan garin, ƙarƙashin jagorancin wani mai harkar filaye da gidaje da ake kira Robert Nahas, suka ga cewa babban filin wasa ne zai sa a riƙa ambaton sunan Oakland a jaridu. Birnin da gundumar Alameda suka haɗa hannu, aka kashe dolar Amurka miliyan 25 da rabi wajen gina filin da wani zauren wasanni a gefensa. Aka haƙa rami mai zurfi aka zaunar da ginin a ciki, har dandalin wasan ya kasance fiye da mita 6 ƙasa da tsayin ruwan teku, abin da zai dawo ya zama masifa daga baya. Aka raɗa masa suna Coliseum, aka buɗe shi ranar 18 ga Satumba 1966 da wasan Raiders da Kansas City Chiefs.

Raiders, wadda aka kafa a 1960, ta yi shekaru shida tana raɓe-raɓe a filayen aro kafin ta samu wannan gida. Abokiyar zamanta ta iso a 1968, lokacin da mai ita, Charles Finley, ya ɗauko ta daga Kansas City. Da mutanen Oakland sun duba tarihin amaryar da kyau, da sun ga cewa wannan shi ne gidanta na uku: an haife ta a Filadelfiya a 1901, ta bar can bayan 1954, ta yi shekaru 13 a Kansas City, ta sake ɗaura kaya. A Amurka ƙungiyar wasa dukiya ce ta attajiri, kamar kanti ko motar haya. Tana ɗauke da sunan gari a ƙirjin rigarta, amma ranar da mai ita ya ga kasuwa ta fi ci a wani wuri, yana iya tafiya da ita in sauran masu ƙungiyoyi sun yarda. Ginin kaɗai ne ba ya tashi. Gwamnan jihar na lokacin, Ronald Reagan, shi ya jefa ƙwallon farko ranar 17 ga Afrilu 1968.

Shekarun farko sun yi albarka ƙwarai. Athletics ta ci kofin ƙasa sau uku a jere, a 1972 da 1973 da 1974. Raiders ta ɗauki nata babban kofin, wanda ake kira Super Bowl, a watan Janairu na 1977, ta sake ɗauka a Janairu na 1981. Ƙaramin birnin da ake rainawa ya wayi gari ana kiransa garin zakaru. Amma tun a lokacin an fara ganin cewa rigar da aka ɗinka don mutum biyu ba ta zauna wa kowa daidai ba. Saboda siffar ƙwarya, kujerun gaba sun yi nesa da masu wasan besbol fiye da kowane fili na gasar. A watan Satumba kuma, lokacin da wasannin biyu ke haɗuwa, ƴan futbol kan faɗi bisa jar ƙasar besbol su ƙuje fata, masu bugun ƙwallo da ƙafa su zame, su kuwa ƴan besbol su tarar da ciyawarsu ta mutu a inda aka ɗora kujerun wucin gadi. Kowane juyi ɗaya daga wannan wasa zuwa wancan yana buƙatar injunan ɗaga kaya da ma'aikata da yawa suna aiki dare da rana, kuma a shekarun baya-baya kuɗin juyi ɗaya ya kai kimanin dolar dubu 250.

Nasara ma ba kullum take cika kujeru ba. Bayan Finley ya rabu da manyan ƴan wasansa saboda ba ya son biyan albashi mai tsoka, jama'a suka ƙaurace. Ranar 17 ga Afrilu 1979, mutum 653 kacal aka ƙidaya a filin da ke ɗaukar kusan dubu 50.

Wanda ya fara fita shi ne Al Davis, shugaban Raiders, mutum mai taurin kai wanda bai taɓa jin tsoron kotu ba. Ya nemi a gina masa ɗakunan alfarma, irin waɗanda ake ba manyan kamfanoni haya da tsada su kalli wasa a bayan gilashi, domin a nan ribar zamani take. Da bai samu yadda yake so ba, sai ya ce zai koma Los Anjeles. Sauran masu ƙungiyoyi suka hana shi a 1980, ya kai su gaban shari'a, ya kayar da su a 1982, ya tafi. Hukumar birnin Oakland ta yi ƙoƙarin ƙwace ƙungiyar da dokar nan da ke ba hukuma ikon karɓar dukiya don amfanin jama'a bayan ta biya diyya, aka yi shekaru ana ja-in-ja, a ƙarshe alƙalai suka ce ba ta da wannan hurumi.

Abin mamaki, fitar kishiya ta zama alheri ga wadda ta rage. Iyalin Walter Haas, masu kamfanin tufafi na Levi Strauss, sun sayi Athletics a 1980, suka gyara filin don besbol kaɗai. Ta gefen gabas ginin a buɗe yake, mai kallo yana hango tsaunukan Oakland a bayan katanga, iskar teku tana kaɗawa. Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa sau uku a jere daga 1988 zuwa 1990, ta ci na 1989 a kan maƙwabtanta Giants na San Faransisko, gasar da girgizar ƙasa ta ranar 17 ga Oktoba ta katse har tsawon kwanaki goma. A 1990 mutum miliyan 2 da dubu 900 suka sayi tikiti. Ranar 1 ga Mayu 1991, Rickey Henderson, wanda a unguwannin Oakland ya tashi, ya kafa a wannan fili tarihin da har yau ba a karya ba na yawan satar tasha, wato rugawa zuwa tasha ta gaba kafin abokan hamayya su farga. Waɗannan shekaru 13 da filin ya yi da mai haya ɗaya su ne mafi kyau a rayuwarsa.

To, sai dai zuciyar shugabannin gari ba ta bar begen wadda ta fita ba. A 1995 Al Davis, wanda bai samu sabon filin da ya yi fata a Los Anjeles ba, ya nuna yana iya dawowa in an biya masa buƙatunsa. Birnin da gundumar suka ci bashin kusan dolar miliyan 200 ta hanyar sayar da takardun lamuni, abin da ya kai wajen miliyar 100 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Da mafi yawan kuɗin aka gina wani ƙaton bene na siminti a gefen gabas, mai dubban kujeru da ɗakunan alfarma, aka gama shi a 1996. Benen ya toshe tsaunukan nan da ake hangowa, ya mayar da filin besbol kamar tsakar gidan kurkuku. Mutanen gari suka laƙaba masa suna Dutsen Davis, sunan da ya bi shi har yau.

An gaya wa jama'a cewa ko sisi ba zai fito daga aljihun mai biyan lanho ba. Dabarar ita ce a sayar wa masoya Raiders wata takarda, daga dolar 250 zuwa 4,000, wadda ba tikiti ba ce, izini ne kawai na sayen tikitin kujera ɗaya har tsawon shekaru goma. Da kuɗin waɗannan takardu za a riƙa biyan bashin. Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san haɗarin cin bashi bisa cinikin da ba a yi ba tukuna. Takardun ba su sayu yadda aka lissafa ba, tun da ma'aikacin tashar jirgi ya ga babu dalilin biyan kuɗi sau biyu alhali kujeru na nan babu kowa. Giɓin ya faɗo kan birnin da gundumar, wajen dolar miliyan 20 a kowace shekara a tsakaninsu, daga asusun da ake biyan ƴan sanda da masu kashe gobara da gyaran tituna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamar wannan bai isa ba, Raiders ta kai hukumar filin ƙara, tana cewa an ruɗe ta game da yawan tikitin da aka sayar. A 2003 kotu ta ba ta dolar miliyan 34, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2006.

A daidai wannan lokaci sauran biranen Amurka sun riga sun juya wa filin haɗaka baya. Tun da Baltimore ta buɗe filin besbol zalla a 1992 jama'a suka yi ta tururuwa, kowane mai ƙungiya ya ce shi ma nasa yake so shi kaɗai. Aka rushe na Atlanta a 1997, na Pittsburgh a 2001, na Cincinnati a 2002, na Filadelfiya a 2004. Daga 2012, bayan ƙungiyar besbol ta Miami ta koma sabon gidanta, Oakland ce kaɗai ta rage a Amurka inda manyan gasannin biyu ke raba fili ɗaya. Wato birnin ya zuba dukiyarsa cikin salon gini a daidai lokacin da salon ke mutuwa.

Kujerun da aka ci bashi don su ma ba su samu masu zama ba. A 2006 Athletics ta rufe benen sama da tamfol domin kada a riƙa ganin wurin fayau a telebijin. A 2013 ita kanta Raiders ta rufe saman Dutsen Davis da tamfol, kujeru wajen dubu 11, alhali ana kan biyan kuɗin gina su. Kuɗin da ya kamata a sa wajen gyaran bututu da wayoyi ya tafi ga masu bin bashi. A watan Yuni na wannan shekara ta 2013, bututun ƙazanta ya toshe, ruwan masai ya malalo cikin ɗakunan canja tufafi na ƴan wasa da na alƙalai, don a gini mai zurfi irin wannan ƙazanta ba ta gangarawa da kanta, sai an tura ta da famfo. Daga baya har kuliyoyi marasa masu su suka mayar da wurin gidansu.

Kowace ƙungiya ta riƙa cewa ba za ta iya zama a irin wannan kango ba, kuma a nan ba su yi ƙarya ba. Hukumar gari kuwa, wadda maciji ya riga ya sara, ta ƙi sake ɗibar kuɗin baitulmali don gina wa attajiri fili. Magajiyar garin ta lokacin, Libby Schaaf, ta tsaya a kan haka. Jihar Nevada ba ta da wannan tsoro: ta ware dolar miliyan 750 daga harajin ɗakunan otel domin gina wa Raiders fili a Las Vegas. Ranar 27 ga Maris 2017 masu ƙungiyoyi suka amince da ƙaurar da ƙuri'a 31 a kan 1. A ranar, sauran bashin Dutsen Davis ya haura dolar miliyan 80. Raiders ta yi wasanta na ƙarshe a Oakland ranar 15 ga Disamba 2019, aka ci ta 20 da 16, ƴan kallo suka raka ta da ihu da jifa. A cikin wannan shekara kuma ƙungiyar ƙwallon kwando ta Warriors, wadda ke zaune a zauren da ke gefe, ta tsallaka ruwa ta koma San Faransisko.

Athletics ta samu gidan ita kaɗai a karo na biyu, amma wannan karon babu mai niyyar gyara shi. Mai ita, John Fisher, magajin masu kantunan tufafi na Gap, ya nemi wuri a Fremont, ya nemi a San Jose, ya nemi a bakin tashar jiragen ruwa ta Oakland, duk ba a daidaita ba. Aka sayar da ƙwararrun ƴan wasa, aka ƙara kuɗin tikiti, har yawan ƴan kallo na 2022 bai kai dubu 800 ba. Ranar 13 ga Yuni 2023 masoyan ƙungiyar suka shirya wata zanga-zanga ta daban: maimakon su ƙaurace, sai suka zo su dubu 27 da ɗoriya, sanye da koren riguna masu kira ga mai ƙungiyar da ya sayar da ita. Bai sayar ba. Nevada ta sake ware dolar miliyan 380, masu ƙungiyoyi suka amince baki ɗaya a watan Nuwamba na 2023. Daga 2025 Athletics ta koma zaman wucin gadi a wani ƙaramin fili mai ɗaukar mutum wajen dubu 14 kusa da Sacramento, tana jiran a gama mata nata a Las Vegas, gidanta na gaba. Ba tsuntsu ba tarko.

Wanda ya bi labarin nan daga farko zai ga cewa lissafin 1966 bai zama wauta ba. An gina fili da kuɗi kaɗan, ya yi aiki shekaru 58, ya ga kofuna shida na ƙungiyoyinsa biyu suna zaune a cikinsa. Inda aka yi ɓatan kai shi ne 1995, ranar da ma'aikatan hukuma da zaɓaɓɓun gari suka sa hannu kan bashi mai tsawon rai fiye da yarjejeniyar hayar wanda aka ci bashin dominsa, suka dogara da cinikin da ba a gani a ƙasa ba, suka kuma ɓata wa mai hayar da ya zauna da su don faranta wa wanda ya taɓa barinsu. Mafi yawan waɗanda suka sa hannun sun bar kujerunsu tun da daɗewa. Yaran da aka haifa a shekarar sun girma sun fara biyan haraji bashin bai ƙare ba.

Filin dai yana nan tsaye a gefen babbar hanya. Gundumar Alameda ta sayar da rabinta a 2019 kan dolar miliyan 85, birnin kuma ya amince a 2024 ya sayar da nasa rabin ga wata ƙungiyar ƴan kasuwa baƙaƙen fata ta garin. A watan Maris na 2025 wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna Oakland Roots ta buɗe kakarta a can, mutum fiye da dubu 26 suka zo, a watan Yuni kuma aka yi wasannin kurket. An shimfiɗa ciyawa a kan jar ƙasar da aka yi shekaru ana rigima a kanta, Dutsen Davis kuma yana bisa kansu, babu kowa a samansa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.